Matakala a Layin La'asar

Litinin, bayan magariba

Yau ma na ji dariyarta daga ofishina. Ba murmushi nake faɗa ba, dariya ce har da tari, irin wadda rabona da ji a gida tun kafin abin. Dogo ne ya faɗi wata magana. Ban ji me ya ce ba, don shi ko gaisuwa yake yi sai ya yi ƙasa da murya kamar mai ba da sirri.

Da muka shiga mota na ce mata, me ya ba ku dariya haka? Ta ce, "Wallahi na ma manta." Ta juya tana kallon titi har muka iso gida.

Yaya ce ta ce in riƙa rubutu tunda na ƙi magana da kowa. To ga shi na fara. Matata masaniyar kimiyya ce, Dakta ake ce mata a wurin aiki, ni ma haka zan kira ta a nan. Ni ne injiniyan tashar binciken da muke aiki, ni ke kula da na'urar da ke auna maganaɗisun duniya. Dogo sabon ma'aikaci ne, watansa biyu da zuwa, kuma shi aka ba kujerata.

Talata, da hantsi, a ofis

Jiya na ce kujerata. Bari in gyara, kar in yi wa mutum ƙarya a littafina. A takarda ba tawa ba ce.

Aikin Dakta shi ne ta gano sau nawa sama ke atishawa. Haka muke kiran abin a tashar nan, don sunansa na littafi, ƙaramar guguwar maganaɗisu, ya cika baki. Iskar da ke fitowa daga rana takan ja maganaɗisun duniya ta miƙar da shi ta ɓangaren dare kamar ana jan roba, ya yi ta tara ƙarfi har ya gaji ya saki. In ya saki, mutanen can ƙuryar arewa su ga haske na rawa a sama. Mu nan ba ma ganin komai, sai dai layin na'ura ya yi tozo a allon kwamfuta, ya hau a hankali, ya sauka a hankali. Wata rana huɗu, wata rana biyar, wata rana sama ta wuni lafiya ko ɗaya babu. Abin da Dakta ke son nunawa shi ne, in iskar rana ta dage, atishawar kan zo bi da bi, kusan duk awa uku, sauran kuwa suna zuwa ne yadda suka ga dama.

Dokar Farfesa, shugaban tashar, ita ce mutum biyu ke ƙirga. Da safe kowa ya shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa, ba mai leƙa aikin wani, ba mai tambayar wani. Ranar Alhamis a ɗora na wannan a kan na wancan a ga inda aka dace. Shekara da shekaru ni ne na biyunta, don babu wani. Cikin goma mukan dace a bakwai. Sauran ukun mu yi ta musu har a tashi, a mota mu ci gaba, a kan abinci mu ƙarasa. Takan ce idona na makanike ne, duk abin da ya motsa sai na ce waya ce ta kwance. Ni kuma in ce ita ko ƙuda ya sauka a allo sai ta sa masa jan biro. A cikin musun nan na aure ta.

Yanzu an samo mai digirin abin, an maido ni kan wayoyina.

Alhamis, da yamma

An ɗora aikinsu. Cikin talatin da ɗaya sun dace a talatin. Farfesa har da tafi, yana cewa, "Kai, ku kam kamar da ido ɗaya kuke gani!"

Ni an kira ni ne in gyara wayar majigi, don haka a tsaye nake a bayansu riƙe da wayar kar ta motsa. Guda ɗayar da suka saɓa ma ba su yi musu ba. Dogo ya ce, "Ina jin ke ce daidai, Dakta." Ta ce, "A'a, bari in sake dubawa." Shi ke nan, kamar surukai.

Kishi na ji, ba zan ɓoye wa takarda ba. 

Asabar, da safe

A falo ta kwana kuma. Ta ce fankar ɗaki na yi mata ƙara. Ni na gyara fankar nan da hannuna.

Lahadi, bayan azahar

Yaya ta kira. Ta tambayi Dakta, na ce lafiya. Ta tambayi ko mun buɗe ɗakin ƙarshe mun kwashe kayan, na ce tukuna. Ta ce ba gaggawa.

Ban san yadda aka yi zancen Dogo ya fito daga bakina ba. Yaya ta yi ta dariya har na ji tana buga cinya.

"An ce kishi kumallon mata, ashe har da ƙanena ake amansa? Kai, ka ji tsoron Allah. Matar da ko abinci ba ta iya ci, ita ce za ta kalli wani dogo?"

Na ce ai shi take yi wa dariya.

"To kai ka ba ta abin dariya mana. Kullum fuska kamar an aiko maka da sammaci."

Na ce caji ya ƙare, na kashe.

Litinin, bayan la'asar, a ofis

Akwai datti a layi.

Ina duba na'ura kamar yadda nakan yi in na ga dama, sai na ga layin ya yi tsalle bayan la'asar. Ba tozo ba ne. Tozon atishawa a hankali yake hawa, kuma tashoshin da ke kusa da mu su ma sai sun gan shi. Wannan matakala ce, kusurwa a tsaye. Layin ya hau, ya ɗan jima ya ƙara hawa, ya zauna a can kamar rabin awa, sannan ya faɗo inda yake. Na duba na maƙwabta, nasu sumul. Tamu ce kaɗai.

Na san ma'anar wannan tun ina sabon shiga. Wani ne ya je kusa da bukkar na'ura da ƙarfe a jikinsa. Bukkar tana can ƙarshen fili bayan tankin ruwa da layin bishiyoyi, ta katako ce, ko ƙusa ɗaya ta ƙarfe babu a jikinta, duk tagulla ce. A bakin shingen akwai kwando. Duk wanda zai shiga, ko Farfesa ne, sai ya zuba makulli da waya da agogo da bel a ciki. Ba wanda ke zuwa can sai ni, ni ma sau ɗaya a sati. Yau ban je ba.

Na leƙa na Juma'a da na Alhamis. Tana nan, lokaci ɗaya.

Talata, bayan la'asar

Na bar ƙofata a buɗe na zauna ina kallon allo da ido ɗaya, baranda da ɗayan. Dakta ta fito da jakarta a kafaɗa ta bi ta ƙofar baya. Ba a jima ba Dogo ya leƙo, ya dubi agogonsa, ya dubi hagu da dama, shi ma ya bi ta ƙofar baya ba sallama. Agogon nan nasa ƙato ne, na ƙarfe, kamar murfin gwangwani.

Layi ya hau. Ya ƙara hawa.



Laraba, da rana

Ga abin da ke ci na. A tashar nan in mai ƙirga ya ga datti a layi, nan take yake turo wa injiniya. Dakta da kanta ta sha tayar da ni daga kan abinci saboda ɗigon da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Yanzu ga matakala kamar ta bene, kullum, su biyu suna kallon layin nan kowace safiya, kuma ba wanda ya ce min uffan. Ba su sa mata jan biro ba, ba su kawo ƙara ba. Sun tsallake ta kawai, su biyun, kowa a ɗakinsa. Wannan ma sun dace.

Na tare Dogo wajen shayi. Na ce, "Malam, layi lafiya kuwa?"

Ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofin da ba sukari. "Lafiya lau, Injiniya. Aikinka na kyau."

Labarin zuciya a tambayi fuska. Bai iya kallona ba.

Laraba, bayan isha

Tana yanka albasa na tsaya a ƙofar kicin na ce, "Layin la'asar na da datti."

Wuƙar ta tsaya. Ba ta juyo ba. Can ta ce, "Ka duba wayoyinka."

Da a da ne, da mun kwana a kan wannan maganar. Na jira ta ƙara ko kalma ɗaya, ko zagi ne. Ta ci gaba da yanka.

Juma'a, da yamma

Farfesa ya ce an karɓi aikinsu a babban taron masana, mutum biyu za su je, kwana goma. Ba sai na rubuta su wa ba.

Ya sa Dakta ta gwada jawabinta a gabanmu. Ta iya magana, wannan ko maƙiyinta ya sani. Da ta zo wurin da take bayanin atishawar da ke zuwa duk awa uku sai ta tsaya. Da can a nan take cewa kamar jariri mai neman nono, mutane su yi dariya. Ita ta ƙirƙiro maganar, a shekarar da muke tashi duk awa uku mu ma. Yau ta buɗe baki, ta rufe, ta tsaya tana kallon allo.

Kafin in ture kujerata Dogo ya riga ya miƙa mata ruwa. Ta karɓa ta ce na gode, ta tsallake wurin ta ci gaba.

Ni ne na san me ya tsayar da ita. Ni ya kamata in kai ruwan nan.

Asabar

Ba mu yi magana ba sai ta ce gas ya kusa ƙarewa.

Lahadi, da yamma

Na wanke mota. Ƙaramar kujerar yara da ke baya tana nan a ɗaure, na wanke kewayenta. Maƙwabcinmu ya leƙo ta katanga ya ce in ba na bukatarta ƙanwarsa ta haihu. Na ce ina bukata.

Dakta tana falo da waya a hannu tana rubutu. Na wuce ta bayanta sau biyu kamar mai neman wani abu. Jawabin taron take gyarawa. Ko kuma ta ji tahowata.

Litinin, bayan la'asar

Na bi su.

Na bari sai da layi ya hau hawa na biyu, sannan na fita ta ƙofar baya. Hanyar ta rabu biyu a gindin tanki, ɗaya ta fita titi ta ƙaramar ƙofa, ɗaya ta nufi fili. Na bi ta fili har bakin shinge. A cikin kwando ga wayarta, ga makullanta, ga ɗan abin ɗaure gashinta mai ƙarfe, ta jera su tsaf yadda ta saba. Na Dogo babu komai. Na tsaya ina kallon kwandon nan sai lissafin ya fito min. Ita ta bi doka ta ajiye nata, shi ne ya shiga da agogonsa, sabon shiga, ɗoki ya hana shi tunawa.

Daga inda nake ina hango rufin bukkar ta tsakanin bishiyoyi. Ba na ganin bayanta. Na ciro makullaina zan zuba a kwando, na riƙe su a hannu na jima. Sai na mayar aljihu na juyo. Na ce wa kaina ba girmana ba ne laɓe. Gaskiya tsoro na ji. Abin da na gani a allo ina iya rayuwa da shi, wanda zan gani da ido ban sani ba.

Talata

Matakala.

Laraba, da hantsi

Na je wajen Farfesa. Na ce wani na shiga fili da ƙarfe, kuma aikin da za a kai taro a kan wannan layin aka gina shi, in wani masani ya gani a can mun ji kunya. Duk gaskiya ne abin da na faɗa, kuma ba don shi na je ba.

Ya cire tabarau ya ce, "Ka san ko wane ne?"

Na ce gara a yi maganar a gaban kowa.

"To, gobe bayan an ɗora aiki ka nuna mana."

Na fito ina jin sanyi a ƙirji kamar na sha ruwan randa. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. In tafiyar nan ta rushe, ta rushe.

Alhamis, bayan magariba

Zan rubuta yadda aka yi daki-daki, don in ban rubuta yau ba gobe zan fara gyara shi.

Mu huɗu ne a ɗakin taro, Farfesa, Dakta, Dogo da ni. Wannan karon ni ne a gaban allo, ba riƙon waya ba. Na jera matakalun sati biyu ɗaya kan ɗaya. Na yi bayani a nutse, har ina jin daɗin muryata. Na ce wannan ba sama ba ce, ƙarfe ne. Na ce kuma ba mutum ɗaya ba ne, ku dubi yadda take hawa biyu, na farko ya iso, a jima na biyu ya biyo shi. Sannan na juya na dubi hannun Dogo.

"Malam, agogon nan naka na ƙarfe ne ko? Ina kake zuwa kullum bayan la'asar ta ƙofar baya?"

Farfesa ya ce, "Injiniya," da irin muryar da ake tsayar da mai shirin taka wuta. Ban tsaya ba. Na ce a bar shi ya amsa.

Dogo ya dube ni, ya dubi Dakta, ya sunkuyar da kai. "Makaranta nake zuwa, Injiniya. 'Yata nake ɗaukowa in kai ta gida, nan bayan titi muke. Farfesa ya sani." Ya juya agogon a hannunsa. "Shekararta huɗu. Da na zo aka gaya min abin da ya same ku, shi ya sa ba na faɗa a gabanku. Na ga kamar bai dace ba."



Dakta ba ta dube ni ba. Ta ɗora jakarta a kan tebur, ta zuge, ta sa hannu can ƙasa ta ciro abu ta ajiye. Ƙananan ƙarafunan matse takarda da ke gaban Farfesa suka ja jiki suka manne masa, ƙas.

Mayen ƙarfe ne, ɗan ja mai siffar kofaton doki, fentin ya goge a gefen da ake riƙewa. Ni na saya. Na kawo shi gida a aljihu wata ranar albashi, 'yarmu ta wuni tana zagaye gidan da shi tana gwada komai, firji, cokali, ƙafar gado, ƙofar ɗaki. Ta zo ta manna shi a kan bel ɗina ta ce, "Baba, kai ma kana kamawa!" Tun da muka dawo daga asibiti mu biyu na neme shi ban gani ba, na ɗauka yana cikin ɗakin ƙarshe.

"Mutum ɗaya ne, Farfesa," in ji ta. "Hawan farko in na zauna a bayan bukkar ne. Na biyun in na fito da shi daga jaka. Na san doka, ni na rubuta ta a jikin kwandon. Komai ina ajiyewa, wannan ne na kasa. Can ne kaɗai na san ba mai zuwa."

Farfesa ya jima yana goge tabarau da bakin riga. Ya ce lokacin la'asar ba ya cikin abin da suka ƙirga, aikin bai lalace ba, za a yanke wuraren kawai. Ya ce an tashi.

Ta ɓamɓare ƙarafunan ɗaya bayan ɗaya ta mayar wa Farfesa, ta sa abin a jaka, ta fita. 

Alhamis, bayan isha

Na same ta a falo. Na fara da cewa aikina ne in kai rahoto, kowane injiniya haka zai yi. Ta bar ni na gama.

"Rahoton ban damu da shi ba," ta ce. "Mutum biyu ka ce. A gaban Farfesa. Kana kallon hannun bawan Allah."

Na ce shaiɗan ne, na ce raina ne a ɓace, na ce ta daina yi min magana, shi kuma tana yi masa dariya.

"Shi bai san fuskarta ba. In na dube shi ba ita nake gani ba. Kai hancinta ne a fuskarka, ya kake so in yi?"

Ban taɓa tunanin wannan ba. Na zauna a hannun kujera.

"Sati nawa kana kallo?"

Na ce kusan biyu.

"Kana ganin lokacin da na zauna, kana ganin lokacin da na tashi. Daga ofishinka zuwa bukkar nan ko shayi ba zai huce ba. Na ɗauka ka gane tun ranar da ka yi min maganar datti. Kullum in na ji motsin ganye sai in ce kai ne." Muryarta ba ta ko rawa. "Ashe ƙirga kake yi."

Na kusa ce mata na zo har bakin shinge. Allah ya taimake ni na haɗiye.

Juma'a, da rana

Ba ta zo aiki ba. Na shiga ofishin Dogo na ba shi haƙuri a tsaye. Ya miƙe ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce wallahi ba komai, ya ce shi ma da shi ne bai san me zai yi ba. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Na ce masa, to me ya sa ba ka kawo min ƙarar dattin ba?

"Tun satina na farko na gani," ya ce. "Sai na lura da idonta in ta dawo. Na ce wannan ba hurumina ba ne, maigidanta na nan."

Baƙo, wata biyu da zuwa, ya dubi idonta ya gane. Ni da nake ɗauko ta a mota kullum bayan nan, titi nake kallo. Na ɗauka jiya kishin ya mutu. Yana nan, ya ma fi na da zafi, kuma yanzu ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Asabar, da hantsi

Ta tafi gidan mahaifiyarta. Ta ce kwana biyu. Babban akwati ta ɗauka. Na ce in kai ta, ta ce ta riga ta kira mota.

Lahadi

Yaya ta kira sau uku. Ban ɗauka ba.

Litinin, bayan la'asar, a ofis

Farfesa ya ce in bi layin baya in nemo duk inda matakalar take in yanke, yana so kafin Alhamis. Ya faɗa a hankali, bai dube ni ba.

Na fara daga satin jiya ina komawa baya. Kowace ranar aiki tana nan. Na wuce sati biyun da na sani. Na wuce ranar da na fara jin dariyar. Na kai ranar da Dogo ya fara aiki, na ce a nan za ta tsaya, don har yanzu wani ɓangare na zuciyata bai daina ba. Ba ta tsaya ba. Wata guda kafin zuwansa tana nan, wata biyu tana nan. A can baya ma ta fi tsawo, wata rana har kusan lokacin tashi. Ta farko tana ranar da muka dawo aiki bayan an gama karɓar gaisuwa.

Ban gan ta ba duk tsawon lokacin nan, har sanda ni nake ƙirga tare da Dakta, don ban fara duba layin la'asar ba sai da na samu wanda nake zargi.

Na kira wayarta, ta yi ta ringi har ta katse. Ban yanke ko ɗaya ba tukuna.

Na san abin da nake yi bayan la'asar a watannin nan. Nakan kulle ƙofata, in kunna rediyo da ƙarfi, in kifa kai a kan tebur in yi nawa kukan, ina toshe baki da hannun riga don kar ta ji daga ofishinta ta karaya. Ashe ba ta ma ciki.